Fasto Ya Koyi Wa'azi, Wa Zai Koya Masa Saurare?

A garuruwa irin su Michika, Kagoro, Mangu ko Zuru, idan wata masifa ta faɗo wa gidan Kirista, da wuya a fara nufar asibiti ko ofishin 'yan sanda. Ƙofar fasto ake fara ƙwanƙwasawa. Matar da miji ya lakaɗa wa duka da tsakar dare, uban da ɗansa ya faɗa shan tiramol, budurwar da ta yi ɓatan wata tana tsoron iyayenta, mai jegon da ta ƙi shayar da jariri tana ta sambatu ita kaɗai, duk can suke zuwa. Maƙwabtansu Musulmi ma haka suke yi da limamin unguwa ko malamin zaure. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma akasarinsu a manyan birane suke. A Arewa, asibitocin tarayya na wannan fanni da aka daɗe da sani su ne na Barnawa a Kaduna, na Maiduguri da na Kware kusa da Sakkwato, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa. Fasto kuwa yana kusa, ba ya karɓar kuɗin kati, yana jin yarenka, wataƙila ma shi ya yi maka baftisma.

Don haka gardamar ko ya dace fasto ya riƙa zama da masu damuwa yana ba su shawara ta riga ta wuce. Yana yi, ko an koya masa ko ba a koya masa ba. Abin da ya rage a tattauna shi ne irin koyarwar da ake ba shi kafin a miƙa masa garke.

Makarantun tauhidi a Arewa ba na wasa ba ne. Kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru tun 1959 take horar da fastoci ga ikilisiyoyin TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya. Ikilisiyar ECWA na da makarantar JETS a Jos, wadda aka buɗe a 1980, ga kuma tsohuwar makarantarta ta Kagoro. Ikilisiyar COCIN na da tata a Gindiri, EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) na da makarantar Kulp a Kwarhi kusa da Mubi. Bayan su akwai ɗimbin makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa, waɗanda su ke fitar da masu bisharar da ke riƙe da majami'un karkara. Darasin kiwon garke da ba da shawara yana cikin manhaja, wasu ma har digiri suke bayarwa a kansa. Matsalar tana wajen yadda ake koyar da shi, kuma tana fitowa fili idan aka ajiye shi kusa da darasin wa'azi. Ɗalibin wa'azi sai ya hau bagade a gaban malamai da 'yan ajinsa, ya buɗe aya, ya yi bayani, sannan a zauna a yi masa fiɗa: nan ka kauce daga nassi, nan ka tsawaita, nan muryarka ta mutu. Zai yi haka sau da dama kafin ya gama makaranta. A darasin shawara kuwa, galibi lacca ce da rubutu da jarrabawa. Ɗalibi zai iya jera matakan makoki a takarda ya ci maki mai kyau, alhali babu malamin da ya taɓa ganin yadda yake zama da gwauruwa. An horar da bakinsa a aikace, kunnensa kuma an bar shi da karatu.

Wannan giɓin ba a nan ya fara ba, kuma wanda ya fara ƙoƙarin cike shi a Amurka majiyyaci ne. Anton Boisen fasto ne da ya samu taɓin hankali mai tsanani a 1920, aka kwantar da shi sama da shekara guda a asibitin gwamnati. A can ya lura cewa likitoci ba ruwansu da tambayoyin addini da ke cin zuciyar majiyyata, fastocin da ke zuwa yi musu sujada kuma wa'azin da suka shirya wa masu lafiya suke karanta musu su tafi. Da ya samu sauƙi ya zama limamin wani asibitin masu taɓin hankali a jihar Masacusets, kuma a 1925 ya kawo 'yan ɗaliban tauhidi su yi aiki a ɗakunan jinya. Hujjarsa ita ce, yadda ɗalibi ke koyon karanta tsohon rubutu da natsuwa, haka ya kamata ya koyi karanta mutum mai rai. Likita Richard Cabot ya mara masa baya, don shi a ganinsa abin kunya ne a ce ɗalibin likita na shekara da shekaru a gaban gadon majiyyaci, ɗalibin tauhidi kuwa bai taɓa ba. Daga nan tsarin koyon aikin kiwo a asibiti ya samo asali, kuma har yau zango ɗaya nasa awa 400 ne, mafi yawansu tare da majiyyata, sauran a gaban malami mai sa ido da ƙaramin rukunin ɗalibai.

Ƙashin bayan tsarin wani abu ne mai sauƙin faɗi. Bayan ɗalibi ya zauna da mutum, sai ya koma ya rubuta hirar yadda ta gudana, kalma bayan kalma iya abin da ya tuna, ba tare da sunan mutumin ba, ya kawo wa rukuni a karanta. A ce ɗalibi ya ziyarci wata dattijuwa a sansanin 'yan gudun hijira, ya kawo wannan:

Ta ce, "Fasto, tun da aka kashe baban yaran nan ban sake barcin kirki ba. Wani lokaci sai in ce da ma ni aka ɗauka."

Ya ce, "Haba Mama, daina faɗin haka. Allah ya san abin da yake yi. Ki tuna da Ayuba."

Ta ce, "Haka ne, Fasto. Na gode."

Shi ɗalibin zai zo da takardar yana ganin ziyara ta yi kyau, ya ƙarfafa ta, har ta yi godiya. Malamin kirki ba zai ce masa ya yi kuskuren tauhidi ba, don bai yi ba. Zai tambaye shi ne: lokacin da ta ce da ma ita aka ɗauka, me ka ji a ranka? Idan ɗalibin ya yi gaskiya zai ce gabansa ne ya faɗi, bai san inda maganar za ta kai shi ba, sai ya jawo aya ya toshe. Ayar ta kare shi ne daga tsoronsa, ba ita ta taimaka wa ba. "Na gode" ɗin nan kuwa, duk wanda ya tashi cikinmu ya san ta. Sallama ce cikin ladabi. Mama ta buɗe ƙofa kaɗan, ta ga ba za a shigo ba, ta mayar ta rufe, kuma da wuya ta sake buɗe wa wannan faston.

Sai a koma a gwada wata hanya a cikin aji. Me zai faru da ya ce, "Mama, idan dare ya yi, me ke zuwa miki a rai?" ya yi shiru ya jira, ko da shirun ya yi masa nauyi? Da ta ci gaba, zai iya tambayarta kai tsaye ko ta taɓa tunanin kashe kanta? Yawancin ɗalibai za su ce Allah ya kiyaye, ai wannan sa mata tunanin ne a kai. Binciken masana ya nuna akasin haka: tambayar ba ta haifar da tunanin, sau da yawa ma sauƙi mutum yake ji da aka samu wanda bai firgita ba. Amma sanin wannan a takarda daban, iya furta tambayar ga uwa sa'ar mahaifiyarka daban. Sai an maimaita, an yi kuskure, an gyara, kamar yaron kanikanci da ba ya iya kwance inji sai a gaban ubangidansa. Shi kansa Ayuban da ɗalibin ya ambata, abokansa kwana bakwai suka yi zaune da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma ba a zarge su a kan wannan ba. Bayan sun buɗe baki suna fassara masa dalilin wahalarsa ne Allah ya ce ya husata da su.

Littattafan da ke cike ɗakunan karatun makarantunmu sun zo da wata tsohuwar rigima ta Amurkawa. Ɓangare ɗaya ya bi sawun Carl Rogers, masanin halayyar ɗan'adam da tun shekarun 1940 yake koyar da cewa mai ba da shawara ya rage umarni, ya saurara da karɓa, ya bar mutum ya gano hanyarsa. Ɗaya ɓangaren ya tashi a 1970 ƙarƙashin Jay Adams, wanda ya ce wannan sakaci ne da aikin fasto, domin yawancin abin da ake kira ciwon zuciya zunubi ne da ke buƙatar tsautawa daga Littafi Mai Tsarki, in ban da abin da ya tabbata cutar jiki ce. Ikilisiyoyin Arewa masu riƙon nassi sun fi jin daɗin na biyun, kuma ana iya gane dalili. Ni dai ina ganin duka biyun, idan aka ɗauke su ɗungurungum, za su cuci mutanenmu. Manomin da ya taka tun daga ƙauye ya zo wurin Baba Fasto, in aka yi ta mayar masa da maganarsa ba a ce masa komai ba, zai tashi yana cewa an raina shi. Yana son a ƙarshe babba ya faɗi ra'ayinsa. A ɗaya gefen, matar da ciwon damuwa ya kwantar, ba ta iya tashi ta yi wanka, in aka ce mata rashin bangaskiya ne ta tuba, an ɗora mata kaya a kan kaya. Abin koyarwa shi ne jeri: a saurara har a fahimta, sannan a yi magana. Fastocinmu ba su da ƙarancin abin faɗi.

Akwai kuma fassara ta uku da littattafan can ba su cika kulawa da ita ba, alhali ita ce ta farko a bakin jama'a: aljanu, sammu, maita. Malamin da ya shiga aji ya ce wa ɗalibai duk camfi ne ya yi asarar su tun ranar farko, domin sun karanta a Linjila Yesu ya fitar da aljanu, kuma mutanen da za su yi wa hidima sun gaskata. Ba sai an raba fasto da addu'arsa ba. Abin da ake bukata shi ne ya san wasu alamu da idan ya gan su, addu'a na tafiya, mota ma na tafiya asibiti. Yaron da ke faɗuwa yana karkarwa yana kumfar baki, mai yiwuwa farfaɗiya ce, kuma akwai magani mai araha da ke tsayar da ita ga mafi yawan masu ita. Mai jegon da ta rikice cikin makonnin farko bayan haihuwa tana cikin haɗari ita da jaririn, kuma cutar tana jin magani. Wanda ya fara sambatu tare da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, awowi ne tsakaninsa da mutuwa. Saurayin da ya daina barci, yana jin muryoyi, yana cewa ana bin sa, a tambayi me yake sha. Binciken da aka yi da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya. Waɗannan abubuwa ana iya koyar da su cikin 'yan kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jagora tun 2010 da aka rubuta don ma'aikatan da ba ƙwararru ba, kuma ma'aikacin jinya ɗaya daga asibitin mishan zai iya koyar da ajin ƙarshe na makarantar Littafi Mai Tsarki.

Rashin wannan ilimin ne ke kai wa ga sarƙa. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da mari a wuraren addu'a na Kirista, da cibiyoyin Musulmi, da na masu maganin gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Masu ɗaurewar ba duka mugaye ba ne. Da yawa an kawo musu mutum yana fisge-fisge ne, ba su da magani, ba su san wanda za su kira ba.

Abin sha'awa, hanyar fita daga wannan a ƙasar nan aka fara gwada ta. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Najeriya, ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majiyyata ke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin maimakon ya kore su. A 2020 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana. An haɗa masu addu'a da masu maganin gargajiya da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ma'aikacin lafiya yana zuwa wurinsu a kai a kai yana duba majiyyata yana ba da magani. Bayan wata shida, waɗanda aka kula da su ta wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi a fili. Ma'anar wannan ga makarantar tauhidi ita ce, ɗalibi ya fita da fiye da ilimi. Ya fita ya san cewa aikinsa na farko a sabon wurin da aka tura shi ya haɗa da zuwa gaida ma'aikacin lafiya mafi kusa, su yi musayar lambar waya tun kafin buƙata ta taso.

Wani abin da ba ya shiga yadda aka kawo shi shi ne siffar zaman kanta: mutum ɗaya, ɗaki a rufe, awa guda, sati-sati. A ƙauye, a ga matar aure ta shiga ofishin fasto an rufe ƙofa, kafin la'asar magana ta zaga gari. Kuma damuwar da ta kawo ta da wuya ta zama tata ita kaɗai. Akwai uwar miji a ciki, akwai ƙannen miji, akwai gonar da ake rigima a kanta tun rasuwar maigida. Fasto yana bukatar ya iya zaman mutum biyu, ya kuma iya zaman dangi, ya san lokacin da zai jawo kawu ko gwaggo da lokacin da jawo su zai ƙara dagula lamari. Sannan ga kunya. Akwai abubuwan da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba ko da shi ne shugaban ikilisiya na ƙasa, musamman fyaɗe da abin da ya shafi shimfiɗa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wanda ya san majami'un Arewa ya san cewa rabin wannan aiki matar fasto da shugabannin Zumuntar Mata ne ke yin sa, a kicin, a gidan makoki, a hanyar dawowa daga koyon waƙa. Makarantu da yawa suna da sashen matan ɗalibai, amma a al'adance an fi ba su karatu da ɗinki da kula da gida. Duk shirin horaswar da ya tsaya kan wanda aka naɗa kawai ya bar waɗanda aka fi kai wa kuka a waje.

Ƙulli mafi wuyar kwancewa, a ganina, ba a aji yake ba, a tsarin ikilisiya yake. Mutum ɗaya ne mai wa'azi ranar Lahadi, shi ne shugaban zaman dattawa da ke yanke horo, shi ne kuma ake so a faɗa wa asiri. Yarinyar da ta yi ciki ta san cewa kunnen da za ta faɗa wa shi ne bakin da zai sanar da an dakatar da ita daga cin jibin Ubangiji, a mayar da ita bencin baya. To don me za ta zo da wuri? Sai ta ɓoye har abin ya fito da kansa, ko ta nemi hanyar da za ta iya kashe ta. Cocin Katolika ya warware wani ɓangare na wannan da doka mai tsauri: abin da aka faɗa wa fada a wurin furta zunubi ba ya fita ko da za a kashe shi. Ikilisiyoyin da ba su da wannan tsari sun bar abin ga halin kowane fasto. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kowa ya san karin maganar, amma asiri yakan tsiyaye ta hanyoyin da mai shi bai ɗauke su tonon asiri ba. Ya faɗa wa matarsa don su yi addu'a. Ya kawo shi a taron addu'a ba suna, a ƙauyen da kowa ya san kowa. Mafi muni, ya mayar da shi misali a wa'azi, mai labarin na zaune a benci na uku tana jin kamar ƙasa ta tsage. Dole a koyar da wannan filla-filla, da iyakokinsa, domin akwai asirin da ba a riƙewa: idan ana lalata da yaro, ko rai na cikin haɗari. Kuma ya kamata mutum ya san wannan iyaka tun kafin ya buɗe baki. Majalisun ikilisiya ne kaɗai za su iya rubuta ƙa'idar da ta raba abin da aka kawo don neman taimako da abin da aka kawo ƙara. Malamin makaranta ba shi da wannan iko.

Batun dukan mata ya isa a ba shi zango guda shi kaɗai. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ba musu, amma "ki yi haƙuri ki koma ɗakinki" ta raka mata da yawa zuwa kabari. Mutuwar mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu a Abuja cikin Afrilun 2022, wadda aka zargi mijinta da dukanta, ta sa majami'u da dama sun tambayi kansu abin da suke faɗa wa matan da ake duka. Faston da aka koya wa aikin ya san kada ya zaunar da mai duka da wadda ake duka wuri ɗaya ya ce kowa ya faɗi laifinsa, don ita za ta biya kuɗin duk abin da ta faɗa idan sun koma gida. Ya san ya tambaya ko ya taɓa shaƙe ta, ko akwai makami a gidan, ko dukan na ƙaruwa. Ya san tun 2015 akwai dokar tarayya da ta haramta cin zarafi irin wannan, kuma jihohi da yawa sun amince da ita. Ba sai ya sauya koyarwarsa kan kisan aure ba kafin ya ce mata ta kwana a gidan yayanta yau.

Rikicin Boko Haram ne ya tilasta wa ikilisiyoyin Arewa duban wannan fanni da gaske. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a Afrilun 2014 'yan EYN ne, kuma a Oktoban wannan shekarar mayaƙan suka mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi, shugabanni da ɗalibai suka watse, aka koma Jos na wani lokaci. Fastoci suka wayi gari da jama'ar da suka ga an yanka 'yan'uwansu, masu zabura idan an buga ƙofa da ƙarfi, masu tambayar ina Allah yake a ranar. Daga nan tarurrukan warkar da raunin zuciya suka yawaita. EYN ta ɗauko wani tsari na kwana uku da Kiristoci mabiya ɗariƙar Kwaka suka ƙirƙiro a Ruwanda da Burundi bayan kisan ƙare dangi. Wasu kuma suka bi darussan da masu fassara Littafi Mai Tsarki suka tsara tare da fastocin ƙasashen Afirka masu fama da yaƙi a farkon shekarun 2000. Alherin waɗannan tarurruka a bayyane yake. Sun gaya wa mutane cewa mugun mafarki da saurin fushi da mantuwa ba hauka ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba. Sun dawo da makoki cikin sujada, suka tuna wa jama'a cewa Zabura cike take da kuka, har akwai ta 88 da ta ƙare ba tare da ta'aziyya ba.

Sai dai an yi saurin ɗaukar takardar shaidar halartar taro a matsayin ƙwarewa. Mutum ya yi kwana uku ko biyar a zauren taro, ya koma gida ya tara gwauraye ya ce kowace ta ba da labarin ranar da abin ya faru daki-daki. Wannan na iya cutarwa. Bincike ya nuna cewa matsa wa wanda bala'i ya taɓa ya maimaita labarin a zama guda ba ya hana ciwon, wani lokaci ma ƙara shi yake yi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina, ta fitar da jagorar agajin farko na zuciya a 2011 mai matakai uku: duba, saurara, haɗa mutum da taimakon da yake bukata. Haka nan gaggawar kai mutane ga yafiya. Yafiya tana tsakiyar bangaskiyar Kirista, kuma EYN ikilisiya ce da aka san ta da ƙin ramuwa. Amma idan aka sa ta a jadawali, rana ta uku da hantsi, uwar da ba ta ga gawar ɗanta ba za ta ɗaga hannu tare da kowa, ta koma gida da fushinta, ga kuma sabon laifin cewa ta yi wa Allah ƙarya.

Masu cewa ai mutanen da ba likitoci ba na iya wannan aiki suna da hujja mai ƙarfi daga Zimbabuwe. A Harare, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama shida, suna taimaka musu su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. A sakamakon da aka wallafa a 2016, bayan wata shida kusan 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi. Abin da masu kawo wannan misali kan tsallake shi ne, ba a sallami kakannin da takarda aka ce Allah ya ba da sa'a ba. Akwai masu duba aikinsu a kai a kai, akwai kuma wurin da suke tura wanda ya fi ƙarfinsu. Mun sake dawowa kan abin da Boisen ya gani ke nan, ta wata hanya dabam.

Shi kansa faston fa? Wanda ke jagorantar zaman makoki a Adamawa ko Kudancin Kaduna ko Filato sau da yawa shi ma an ƙona gidansa, shi ya tattara gawarwakin membobinsa, shi ya yi jana'izar mutum goma a rami ɗaya. Fastocin yankin Michika sun ga yadda aka sace abokin aikinsu Rabaran Lawan Andimi aka kashe shi a Janairun 2020, suka koma bagade Lahadi mai zuwa. Ana sa ran fasto ya zama dutse. Ba zai kai kukansa ga membobi ba, ba zai kai ga shugaban gundumar da ke da ikon yi masa canjin wurin aiki ba. Abin sai ya fito ta hawan jini, ko faɗa da iyali, ko wa'azi mai zafi da ba a san dalilinsa ba. Wanda bai taɓa zama a kujerar mai ba da labari ba, da wuya ya san nauyin abin da yake nema daga wasu. Shi ya sa rukunin ɗalibai masu karanta hirar juna ke yin aiki biyu a lokaci guda, kuma shi ya sa ya kamata ya ci gaba bayan makaranta, ko da fastoci biyar ne na yanki ɗaya suna haɗuwa sau ɗaya a wata, ba tare da mai ikon hukunta su a ciki ba.

Ba kuɗi mai yawa wannan ke ci ba. Makarantu sun riga suna tura ɗalibai aikin gwaji a majami'u lokacin hutu ko na shekara guda, kuma akwai asibitocin mishan irin na Vom da na Bingham a Jos, ga gidajen yari da sansanonin 'yan gudun hijira. Ana iya cewa kowane ɗalibi ya dawo da rubutattun hirarraki, da Hausa ko da yaren da aka yi su, a zauna a kansu kamar yadda ake zama a kan wa'azinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne malaman da za su jagoranci zaman. Wanda bai taɓa kawo tasa hirar an fiɗe ta ba zai mayar da ajin kotu, ɗalibai kuma su koyi rubuta hirar da ba a yi ba. Samar da irin waɗannan malamai aikin shekaru ne, kuma masu ba da tallafi sun fi son taron da za a ƙirga mahalarta a ɗauki hoto.

Doka ma tana da hannu a ciki. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ke kallon majiyyaci kusan kamar mai laifi. Amma sashe na 231 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kuma an daɗe ana kiraye-kirayen a soke shi. Faston da ya koyi yin wannan tambaya mai nauyi, aka kuma amsa masa da e, zai tarar da dangi suna roƙonsa kada maganar ta kai asibiti, don gudun 'yan sanda da gudun abin da za a ce a gari. Ko sun yarda, daga ƙauyukan kudancin Borno zuwa Maiduguri tafiya ce mai tsada a hanya mai haɗari, kuma maganin na wata-wata ne, daga aljihunsu. Waɗannan ma suna cikin abin da ya kamata ɗalibi ya ji a aji: wa zai kwana da mutumin a daren nan, wa zai kwashe maganin ƙwari da igiya daga ɗakin, kuma daga wane asusun ikilisiya kuɗin motar zai fito.